Bindigata tana shuri kamar jaki: in rage albarushi in ɗura harsashina da kaina?

Tambayar ta zo ne daga wani manomi da ke noman masara a yankin Lagdo, a arewacin Kamaru. Ya ce yana da bindigar farauta mai baki ɗaya, kalibar 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu), da takardunta. Gadu ya addabi gonarsa, kuma harsashi mai ƙananan ƙwayoyi ba ya kayar da shi, sai ya koma harsashi mai dunƙulen dalma guda, wanda masu shago ke ce wa bal. Matsalar ita ce duk harbi ɗaya sai kafaɗarsa ta yi kwana uku tana tsami, har ya fara rintse ido kafin ya ja kunama. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya riƙa buɗe kartush, wato kwanson da ke ɗauke da albarushi da dalma, yana rage albarushin, ko ya zubar da ƙananan ƙwayoyin ya narka dalma ya cusa a gurbinsu. Yana son sanin ko hakan zai yi.

Ɗan'uwa, sannu da fama. Abin da abokinka ya faɗa maka kada ka yi shi. Amma tsamin kafaɗar nan yana da magani, kuma galibin maganin ba a cikin kartush yake ba. Na daɗe ina duba bindigogin mafarauta a nan Garwa da sansanonin farauta na gefen kogin Binuwai, kuma wannan koke na ji shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Mu fara da inda shurin yake fitowa, don in ka gane lissafinsa ba wanda zai ƙara ruɗa ka da labarin mashaya shayi. Duk ƙarfin da ya tura dalma gaba, shi ne dai ya turo bindiga baya. Abu uku ke cikin lissafin: nauyin dalmar, gudun da take fita da shi, da nauyin bindigar kanta. Bal ɗin da aka saba gani a kalibar 12 nauyinsa gram 28 ne, wasu 32, kuma mai cikakken ƙarfi yana barin bakin bindiga da gudun da ya kai wajen mita 480 a daƙiƙa. Ka ninka 28 da 480, ka raba da nauyin bindiga mai kilo 3, wato gram 3,000, za ka ga bindigar tana dawowa kanka da gudun kusan mita huɗu da rabi a daƙiƙa. Wato kamar a ɗaga bindigar sama tsawon mita guda a sake ta, gindinta ya dira a kafaɗarka. Wannan kusan jul 30 ke nan a ma'aunin da masana ke auna ƙarfin bugu, ban ma sa turin hayaƙin albarushi da nauyin toshiyar robar da ke tsakanin albarushi da dalma ba, waɗanda suke ƙara wani abu a kai.

To ga inda abin yake da daɗi. Shuri ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana ninkawa ne. Dalma ɗaya mai gram 28, in gudunta ya sauko zuwa mita 370, shurin zai faɗo daga jul 30 zuwa wajen 18. An rage gudu da ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, shuri ya ragu da kashi biyu cikin biyar. In kuma dalmar gram 24 ce mai gudun mita 400, abin da zai isa kafaɗarka wajen jul 15 ne, rabin na farko. Don haka abokinka bai yi kuskure a tunani ba, rage gudu yana rage shuri sosai. A hanyar ragewar ya ɓata.

Albarushin da ke cikin kartush na kanti ba irin baƙin albarushin da kakanninmu ke durawa a adaka ba ne. Wancan baƙin ana aunawa da ɗan ƙoƙo ko tafin hannu, in ya ɗan yi yawa ko ya ɗan gaza ba a cika ganin bambanci mai tsanani ba. Na zamani, mara hayaƙi, halinsa daban. Abin da ke cikin kartush guda bai kai gram uku ba, kuma yadda yake ci ya dogara ga matsin da ke kansa. In matsi ya yi yawa sai ya ci da sauri, saurin kuma ya ƙara matsin. In matsi ya gaza sai ya ƙi ci da kyau, ya bar ɓurɓushi. Wanda ya buɗe kartush ya zubar da wani abu da ido, ya maida baki ya liƙe da kakin kyandir, ya taɓa abu biyu a lokaci guda: ya rage albarushi, ya kuma sassauta murfin da ke riƙe matsi a farkon tashin wuta. Sai ka ja kunama ka ji wani ɗan "fus" maimakon tsawa. Dalma ta iya fita ta faɗi nan kusa, toshiyar roba kuwa ta maƙale a tsakiyar bututu. Kai kuma ga gadu yana gudu, hankalinka na kansa, ka karya bindiga ka saka wani kartush ba ka leƙa ba. Harbi na biyun nan shi ke kumbura bututu, ko ya tsaga shi daidai inda hannun hagu yake riƙe.

An taɓa kawo mini wata mai baki ɗaya da bututunta ya buɗe kamar an ɓare rake, tazarar taƙi guda daga ɗakin kartush. Mai ita ya zo da hannu a naɗe, yatsu biyu babu. Da na tambaye shi sai ya rantse mini cewa shi ragewa ya yi, bai ƙara ko ƙwaya ba. Gaskiya ya faɗa, ragewar ce ta ci shi.

Shawara ta biyun, ta narka dalma a cusa a gurbin ƙwayoyi, ta fi ta farko muni. Mutane suna ɗauka gram 32 na ƙananan ƙwayoyi daidai yake da gram 32 na dunƙule, tunda sikeli ya ce ɗaya ne. A cikin bututu ba ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi suna motsi a tsakaninsu kamar gero a buhu, suna matsuwa, in sun iso bakin bindiga inda aka tsuke sai su miƙe su wuce. Dunƙule ba ya haka. Faɗin bututun kalibar 12 wajen milimita 18 da rabi ne, kuma bindigogin farauta da yawa an tsuke bakinsu, abin da ake ce wa shok, wani har da kusan milimita guda. Dunƙulen da aka zuba a gida, a ramin ƙasa ko a guntun bututu, ba wanda ya san faɗinsa na gaskiya, ba wanda ya san taurinsa, musamman in da dalmar batirin mota aka haɗa. Masu cusa ƙwallon boris ko guntun rodi kuwa, su ba ma sai an yi dogon bayani ba: ƙarfe ba ya lanƙwasa wa ƙarfe, ɗaya ne zai ba da hanya, kuma bakin bindigarka ne.

Bal na masana'anta an ƙera shi ne da sanin wannan. Wilhelm Brenneke, Bajamushe, ya fito da nasa a 1898, kuma har yau sunansa ne a jikin kwalin. Wani Ba'amurke, Karl Foster, ya fito da irin nasa a 1931, mai rami a gindi kamar ƙaramin kofi. Dukansu biyu in ka duba za ka ga tsaga-tsaga a jikin dalmar. Mafarauta da yawa suna cewa don ta riƙa juyawa a iska aka yi su, alhali babban aikinsu shi ne su lotse in sun iso matsattsen baki, dalmar ta wuce ba tare da ta yi wa ƙarfe lahani ba. Abin da ke sa ta tafi a miƙe kuwa shi ne abin da ke sa kibiyar maharbanmu tafiya a miƙe ba tare da gashin tsuntsu a wutsiya ba: ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro mara nauyi a baya. A Foster ramin gindin ne ke mayar da nauyi gaba, a Brenneke toshiyar ce ke manne da dalmar tana bin ta a matsayin wutsiya. Dunƙulen gida ba shi da gaba ba shi da baya, yana fita yana wuntsila gudi-gudi, a mita talatin ma sai ya kauce wa buhu.

Kada ka ɗauka ina cewa ɗura harsashi da hannu haramun ne a ko'ina ko aikin banza ne. Sana'a ce mai tsari, a Amurka da Faransa da Italiya mutane da yawa suna yi, kuma suna samun harsashi mai taushin shuri da ya fi dacewa da bindigarsu. Amma ka ji yadda suke yi. Kamfanonin albarushi, irin su Vectan na Faransa da Hodgdon da Alliant na Amurka, suna gwada kowane haɗi a bututun gwaji mai na'urar auna matsi, sannan su buga jadawali. Kowane layi a jadawalin ya ambaci abu biyar da sunansu: irin kwanso, irin ɗan maɓallin wuta na gindi, irin albarushi da nauyinsa, irin toshiya, da irin dalma. Har yadda za a rufe bakin an faɗa. Mai ɗurawa ba ya sauya ko ɗaya. In jadawali ya ce kwanso kaza, ba ya ɗauko wani don kawai launinsu ɗaya, domin faɗin cikinsu ya bambanta. Yana auna albarushi da sikelin da ke gane kashi ɗaya cikin ɗari na gram. In yana son shuri mai sauƙi ba ya rage awo daga kansa, layin da aka gwada a kan ƙaramin gudu yake nema, wanda galibi da wani irin albarushi ne daban mai saurin ci. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne tazarar ba ta da yawa. Hukumar CIP, wadda ƙasashen Turai masu ƙera bindiga suke bin ƙa'idarta, ta sa iyakar matsin kartush 12 mai tsawon milimita 70 a 740 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Bututun bindigar farauta siriri ne in aka gwada shi da na raifal, kuma sauya maɓallin wuta kaɗai yana iya tura haɗin da ke kusa da iyaka ya tsallake ta. Ba kuma wata alama da za ka gani a jikin kwanso da za ta gargaɗe ka kafin ɓarna ta auku.

Shi ya sa ba zan rubuta maka awon albarushi a nan ba, kuma duk wanda ya turo maka awo a WhatsApp ba tare da sunan albarushin da kwanson ba, ka share. A Garwa ko Marwa ko Ngaundere ba za ka shiga shago ka ce a ba ka albarushi iri kaza a gwangwaninsa na asali da toshiya lamba kaza ba. Abin da ke yawo a hannun mutane garin da aka kwaso ne daga kartush daban-daban aka gauraya, wani ma daga harsashin da bai kamata a gan shi a hannun farar hula ba. Ga kuma doka. Dokar makamai ta Kamaru mai lamba 2016/015, ta 14 ga Disamba 2016, ta sa ƙera makami ko harsashi a ƙarƙashin izinin hukuma, kuma takardar da ke hannunka ta saye da riƙe bindiga ce. Da halin da yankinmu yake ciki, ga masu garkuwa da mutane a dazukan Mayo-Rey, ga abin da ke faruwa a yankin Arewa Mai Nisa, jandarma ya tare ka da leda cike da albarushi da kwansuna, bayanin gadu ba zai fisshe ka da wuri ba.

Narka dalma a tsakar gida ma wata fitina ce ta daban. Tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi ta isa, shi ya sa ake raina ta. Ɗigon ruwa ɗaya ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma sai ta yi tsalle ta watsu a fuska. Ƙurarta kuma tana zama a ƙasa inda yara ke rarrafe. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa.

Yanzu ga abin da za ka yi, kuma a nan nake so ka fi sa hankali.

Ɗauki bindigarka ka kai wa mai sikelin nama ko na hatsi ya ɗora. Ina kyautata zaton ba za ta kai kilo 3 ba. Masu baki ɗaya da suka cika ƙasar nan, Simplex ta Faransa da Baikal ta Rasha, an yi su ne marasa nauyi don mai yawo a daji ya wuni da su a kafaɗa, kuma wannan rashin nauyin shi ne rabin ciwonka. Bal ɗin da ke ba da jul 33 a bindiga mai kilo 2.7, a mai kilo 3.5 jul 26 yake bayarwa. In ka kwance farantin gindin za ka tarar da rami inda dogon kusa ya shiga. Ana iya cusa nauyi na gram 300 zuwa 400 a nan, a naɗe shi da tsumma ya matse sosai don kada ya riƙa kai da komo ya tsaga katako. Bindigar za ta ɗan yi nauyin baya, amma kai da kake zaune a bakin gona kana jira, ba tsuntsu kake bi a sama ba, wannan ba zai dame ka ba.

Farantin nan na baƙar roba mai tauri, ko na ƙarfe, cire shi. A sa mai taushi mai kaurin yatsa biyu. In ba a samu na kanti ba, masu gyaran takalma suna da roba mai laushi da suke yin tafin silifa, na sha ganin an yanka an liƙa kuma ta yi aiki. Ba ta rage jul ko ɗaya, amma tana shimfiɗa bugun ya zama turi maimakon naushi. Ka lura da tsawo dai: in gindin ya yi maka tsawo bayan an ƙara robar, a rage katakon. In ya yi gajere kuwa, babban yatsanka ne zai riƙa dukan hancinka.

Sai riƙo. Mafi yawan masu kuka da shuri, tsoro ya sa suna ɗan janye bindigar daga jiki, suna ganin kamar hakan zai rage zafi. Wannan tazarar ita ke ba bindiga filin ɗaukar gudu kafin ta same ka. Ka ɗora gindin a tsokar da ke tsakanin ƙashin wuya da kan kafaɗa, ba a kan ƙashi ba, ba kuma a dantse ba, ka jawo ta ka matse. Kumatu ya kwanta a kan katako ya zauna. Ƙafar hagu a gaba, gwiwa a ɗan sake, ƙirji ya rinjaya gaba kamar mai tura amalanke. A haka jikinka duka ne ke karɓar bugun ya yi baya kaɗan ya dawo. Kada ka taɓa harba bal ka jingina bayanka da itace ko gini, domin kafaɗar ba ta da inda za ta je. Kuma ka toshe kunnuwanka lokacin gwaji, ko da auduga ce. Mutane ba sa yarda, amma wani kaso mai yawa na abin da suke kira zafin shuri ƙarar ce ke firgita su.

Rintse idon da ka ambata shi ya fi damuna, don shi ke sa a raunata dabba a bar ta ta shiga daji da ciwo, kuma gadu mai rauni ba abin wasa ba ne, haƙoransa na ƙasa suna yanka kamar aska. Ga gwajin da nake yi wa mutane. Ka je inda ba kowa, gaban tudu, da wani amintacce. Ka juya baya ya saka maka ko dai kartush mai rai ko kwanson da aka riga aka harba, ba tare da ka sani ba, ya miƙo maka bakin yana kallon tudun. Ranar da ka ja kunama a kan kwanso fanko za ka ga da idonka yadda bakin bindigar yake nutsawa ƙasa. Kunya kaɗai tana gyara rabi. Sauran kuma yawan maimaitawa ne da kartush mai sauƙi na harbin zabi, har jiki ya manta da tsoron.

Wajen sayen kartush, ka daina duba hoton da ke jikin kwali, ka duba lambobi. Tsawo: milimita 70 ko 76. Nauyi: gram nawa. Gudu, in an rubuta. Ka nemi 70, gram 28 ko ƙasa, kuma mafi ƙarancin gudu da ka samu. Kamfanoni irin su Remington da Federal da Fiocchi suna yin bal mai rangwamen shuri da gudunsa ke tsakanin mita 350 zuwa 400, in dilan da ke da lasisi zai iya kawo maka shi, ka samu abin da abokinka yake nema ba tare da ka buɗe komai ba. Kada kuma ka ji tsoron ya yi rauni. Gram 28 a gudun mita 370 yana ɗauke da jul wajen 1,900 a bakin bindiga, kuma dalma ce mai faɗin babban yatsa. A tazarar mita 40 zuwa 50, wadda ita ce iyakar da ya kamata ka harba bal daga bututu mai santsin ciki, wannan ya ishi gadu in ya shiga bayan kafaɗa. Wanda ya sami wurin da harsashi mai sauƙi ya fi wanda ya kuskure da magnum, wato mai ƙarin ƙarfi.

Batun 76 ɗin nan ka kula da shi. Kartush mai 76 yana shiga ɗakin 70 lafiya lau, bindiga ta rufu, don tsawon da aka rubuta na bayan ya buɗe ne. In ya tashi sai bakin kwanson ya rasa wurin miƙewa, ya tsuke hanya, matsi ya hau. Tsofaffin bindigogin da aka gada tun zamanin Turawa wasu ma 65 ne ɗakinsu. Ka karya bindigar ka cire katakon gaba, a ƙarƙashin bututu kusa da gindi za ka ga an buga lambar, tare da tambarin gidan gwaji. Kuma kada ka bar kartush a gaban mota ko ƙarƙashin kwano a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, shuri ya ƙaru, matsi ya ƙaru.

Wasu za su ce ka koma kalibar 20. In bindigar ta yi nauyi daidai, e, da sauƙi. Amma yawancinsu an rage musu nauyi daidai da yadda aka rage harsashin, sai ka kashe kuɗi ka koma gidan jiya.

Kafin ka kai bal gona, ka kafa kwali a mita 25 ka harba uku, ka matsa zuwa 50 ka harba uku, ka ga inda bindigarka take kai shi, don kowace da halinta, wata sama wata hagu. Ka tuna dalmar nan in ta kuskure tana iya wuce kilomita guda, kuma a busasshiyar ƙasar rani ko a kan ruwa tana tsalle ta sauya hanya. A gefen tafkin Lagdo akwai masunta, a bayan kowace gona akwai makiyayi, saboda haka ka zauna a inda harbinka zai gangara ƙasa ko ya tarar da tudu. Sannan ka leƙa ofishin gandun daji na yankinku ka kai rahoton ɓarnar da takardar farautarka a hannu, tunda gonakinku ba su da nisa da yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai, kuma masu gadin dajin ba sa tambayar masarar wa aka ci kafin su karɓe bindiga.

In ka auna nauyin bindigar ka kuma karanto lambobin da ke ƙarƙashin bututun, ka turo mini su tare da abin da aka rubuta a kwalin kartush ɗin da kake amfani da shi yanzu, sai in gaya maka ko shok ɗinta ya dace da bal ko sai an nemi wata.